Digiri Goma Sha Huɗu

Ranar Talata da hantsi Fikreta-hanuma, wato uwargida Fikreta, ta hau bene da zannuwan gado a kafaɗa, tana hutawa a kowace matakala ta uku saboda gwiwa. Baƙin sun fita tun bayan karin kumallo. 'Yarta Senada ta zana musu hanya a takarda, daga Masallacin Beg zuwa layin maƙeran tagulla, har da wurin da za su ci nama hankali kwance ba sai sun tambayi wanda ya yanka ba. Miji da mata ne daga Malesiya, Azman da Rohana, kuma su ne baƙin farko tun da Senada ta mayar da saman gidan masauki.

Ɗakin da aka ba su na Fikreta ne. A cikinsa aka ajiye ta tana amarya, shekara arba'in da bakwai ke nan, kuma sai bana ta sauko ƙasa da zama. Senada ta rubuta a intanet cewa gidansu yana tsohuwar unguwa a Sarayebo, abincinsu halal ne, akwai sallaya, akwai buta a banɗaki, akwai alamar alƙibla. Alamar wata koriyar kibiya ce ta roba da aka manna a silin. Ranar da aka manna ta Senada ce a kan kujera, Fikreta na ƙasa tana cewa, “Dama kaɗan. Ƙara. Ya isa.” Ba ta nemi taimakon waya ko na kowa ba, don a ganinta wanda ya tambayi hanyar ɗakinsa ya tsufa ke nan.

Ta shimfiɗa zanin gado, ta ɗaga kai neman yanar gizo-gizo kamar yadda ta saba, sai ta ga kibiyar ta karkata hagu. A inda take a da fenti ya ɗan ɓare, ya bar surarta fara tas.

Saukowarta ta fi hawanta sauri. Ta tarar da Senada a kicin tana jan ƙullun pita, irin wanda ake naɗe nama ko dankali a ciki a gasa, ya yi siriri har ana ganin zanen ledar teburin ta cikinsa.

“Wa ya taɓa mini alƙibla?”

Senada ba ta ɗago ba. “Mama, ai ba taki ba ce ke kaɗai. Ta duniya ce.”

“Ta ɗakina nake tambaya.”

Ƙullun ya yage a tsakiya. Senada ta dube shi, ta dubi uwarta, ta ga babu mafita. Ta ce baƙon ne, amma don Allah kada a ga laifinsa, sau bakwai ya ba da haƙuri kafin ya faɗa. Shekara talatin da biyar yana aikin safiyo a ƙasarsu, awon filaye da hanyoyi, yanzu ya yi ritaya amma idonsa bai yi ba. Ya gwada da waya, bai yarda da ita ba. Ya gwada da kamfas ɗinsa na aiki, mai allurar da ke nuna arewa. Jiya da rana ya kafa fensir a bakin taga ya auna inuwa. Duka ukun bakinsu ɗaya: kibiyar ta kauce dama da digiri goma sha huɗu.

“Mutum ya biyo jirgi tun daga ƙarshen duniya don ya ga gari,” in ji Fikreta, “me ya kai shi kallon silin?”

“Salla ya tashi yi, Mama.”

“Goma sha huɗu cikin nawa?”

“Cikin ɗari uku da sittin.”

“To ai kaɗan ne.”

“Haka ni ma na ce.”

Fikreta ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki wuƙa ta fara ferayar dankali, wanda ba a ma bukata. Alƙiblar nan ba ƙirƙirar ta ta yi ba. Washegarin bikinta uwar mijinta, Behiya-hanuma, ta kama ta a kafaɗu biyu, ta tsayar da ita tsakiyar ɗakin, ta juya ta kamar mai gyara tulu har hasumiyar masallacin unguwa ta zo daidai hancinta ta taga. “Kin gan ta? Nan za ki duba.” Iyakar darasin ke nan. Behiya-hanuma kuwa mace ce da ba a taɓa kama ta da kuskure ba, ko na gishiri a miya. Da Fikreta ta koma ɗakin ƙasa ma, layin na sama ta bi ta shimfiɗa sallayarta.

Dankali na huɗu ta ajiye wuƙar.

“Senada, salla biyar a rana, shekara arba'in da bakwai, nawa ke nan?”

“Mama, kada ki fara.”

“Ba ke kika yi jami'a ba?”

Senada ta goge hannu, ta latsa waya, ta faɗa a ciki-ciki kamar mai ba da labarin rasuwa. Dubu tamanin da biyar da ɗoriya. Ta yi saurin ƙarawa da cewa ai akwai kwanakin da mace ba ta salla, a cire su. Fikreta ta ce ba ta son a cire komai, ba da Allah ake irin wannan wayon ba.

Abin da ba ta faɗa ba shi ne abin da ya tsaya mata a ƙirji. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba ta je Hajji ba, ba ta gina ko famfo a bakin hanya ba. Abu ɗaya ta san ta riƙe, shi ne ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, ko ranar da ta binne mijinta. Da shi take shirin tafiya. Yanzu ga wani mai kamfas ya zo yana cewa duk wasiƙun da ta aika, a gefen akwatin take jefa su.

Da azahar ta juya sallayarta hagu da ƙiyasi, ta yi ta ranar, ta ƙara uku na ramuwa. Da la'asar ta ƙara huɗu. Kafin azahar ɗin Laraba ta rama goma sha tara, kuma ba ta iya miƙewa sai ta dafa kujera. Tana ajiye ƙwayar wake ɗaya a finjali duk wadda ta rama.

Senada ta leƙa finjalin. “Idan kina yin goma kullum, za ki gama kina da shekara casa'in da ɗaya.”

“Kakarki ta kai casa'in da uku.”

“Ita ai taurin kai ne ya riƙe ta.”

“Ni ma ina da nawa.”

“Ki je ki tambayi efendi mana, ai shi ne limaminmu.”

“Ekrem? Yaron da na sha goge wa majina? In je in ce masa shekara arba'in da bakwai ban san gabas ba, gobe unguwa duka ta ji?”

Baƙon dai ya ga canji. Fikreta ba ta jin Turanci, shi ba ya jin Bosniyanci, amma gahawa ba ta bukatar tafinta. Da yamma ta kawo musu a faranti, na Rohana da alewar lokum biyu da ƙwayar sukari, na Azman tsurarsa, kuma daga ƙasan buta, inda gari ke kwanciya. Ya shanye, ya ce na gode da irin Bosniyancin da ya koya a jirgi, yana tauna. Rohana ta tura masa lokum ɗaya a ɓoye. Fikreta ta gani, ta kau da kai.

Ranar Alhamis da safe ba su fita da wuri ba. A bangon matakala Senada ta rataye tsofaffin hotuna don baƙi su ga yadda unguwar take a da, kuma Azman ya tsaya gaban ɗaya ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Matarsa na ƙofa da jaka tana kiransa. Can ya yi wa Senada magana a hankali, ita kuma ta zo kicin.

“Mama, yana roƙon ki hau sama.”

“Me kuma na karkatar? Gadon?”

“Ki zo dai.”

Ta hau. Azman ya ciro hoton daga bango ya riƙe shi a gefen taga da hannu biyu, kansa a ɗan sunkuye kamar ɗalibin da ya san amsa amma yana tsoron malama. Hoton daga wannan tagar aka ɗauke shi, wata shekara da aka yi dusar ƙanƙara mai yawa, tun Senada ba ta zo duniya ba. Ga rufin maƙwabta, ga bututun hayaƙinsu, ga hasumiyar katako ta leƙo ta bayansa. Ya nuna hoton da ɗan yatsa, ya nuna waje.

“Ya ce ki duba,” in ji Senada. “A hoto hasumiyar tana hagun bututun. Yanzu tana damansa.”

Fikreta ta duba hoton. Ta duba taga. Ta karɓi tabarau ɗin baƙon ba tare da ta tambaya ba, ta sake dubawa.

“Hasumiya ba ta tafiya,” ta ce.

“Bututun ma ba ya tafiya, Mama.”

Fikreta ta tsura wa hasumiyar ido. A shekara ta biyu ta yaƙin da aka yi wa Sarayebo ƙawanya aka sa ta a ayarin motoci ita da Senada, suka ƙare a Jamus wajen ƙanwarta, shi kuwa mijin Fikreta, Nusret, ya zauna a gida. A can ta ji labarin harsashin igwa ya sare hasumiyar. Bayan shekara biyar ta dawo, ta hau ɗakin nan da akwatinta, ta buɗe taga ta ga sabuwa tsaye, katakonta ko duhu bai yi ba. Ta yi kuka har ta gode Allah, ta shimfiɗa sallaya ta dube ta.

“Na dai ga kamar ta ƙara ƙiba,” ta ce a hankali.

Ta miƙa wa Azman tabarau ɗinsa, ta ɗaura ɗankwali, ta sauka ta fita da silifas ɗin cikin gida. Senada ta bi ta da takalma a hannu. Azman ya biyo da hoton, Rohana ta biyo da jaka, don ta ga alama yau babu zuwa kasuwa.

Masallacin tsallaken lungu ne kawai. Ekrem efendi na tsakar gida yana ba furen wardi ruwa, ya naɗe hannun riga. Da ya ga ayarin ya rufe famfo, ya gaida ta da Tetka, wato gwaggo.

“Tetka Fikreta, lafiya? Wa ya yi laifi?”

“Shi na zo nema. Efendi, wa ya matsar da hasumiyar nan?”

Ya ɗaga kai ya dube ta kamar yau ya fara ganin ta. “Ai tun gyaran bayan yaƙi ne. Babana ya ce bangon wancan gefen ya tsage, kafinta ya ce ba zai ɗauki nauyi ba, sai aka fitar da ita ta wannan kusurwar. Kowa ya sani.”

“Ni ba kowa ba ce?”

“Ba kya nan lokacin, Tetka.”

“Wane kafinta ne?”

Ekrem efendi ya dubi Senada. Senada ta dubi takalman da ke hannunta.

“Tetka,” ya ce, “unguwar nan kafinta nawa gare ta?”

Ɗaya ne, mijinta Nusret, kuma shekara talatin da takwas Fikreta tana wanke masa riguna masu garin katako. Ta nemi bakin dakali ta zauna. Senada ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, tana ƙoƙarin fassara wa baƙin amma maganar ta ƙi fita. Da Rohana ta gane, ta dafa ƙirji ta kalli nata mijin, irin kallon da ke cewa duk halinku ɗaya.

“Shekara goma sha bakwai muna ɗaki ɗaya bayan na dawo,” in ji Fikreta. “Yana shigowa ya gan ni ina salla. Ko sau ɗaya bai ce, Fikreta, na taɓa miki abu ba.”

“Kin taɓa gaya masa da hasumiya kike awo?” in ji Senada.

“Sai na gaya masa? Uwarsa ce ta koya mini.”

“To ko dai, an samu sauƙi. Shekara ishirin da shida ne yanzu, ba arba'in da bakwai ba. Za ki gama kina da tamanin da ɗaya.”

Nan liman ya tambayi me za a gama, kuma duk da hararar da uwarta ke mata Senada ta kwashe labarin ta gaya masa, har da waken finjali. Bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa ya ɗan motsa. Ya zauna a ɗaya gefen dakalin.

“Babu ramuwa a kanki, Tetka. Ko ɗaya.”

“Don kana jin kunyata kake faɗa.”

“Ina jin tsoronki dai, wannan daban. Amma hukuncin haka yake. Wanda ke nesa da Ka'aba ɓangaren ake nema a wajensa, ba tsinin allura ba. An nuna miki, kin bi da zuciya ɗaya, kuma ba ki fita daga ɓangaren ba. Yanzu da kika sani sai ki gyara. Shi ke nan.”

“A littafi ka gani, ko yanzu ka haɗa?”

“Shekara shida na yi ina karanta littattafan.”

“Ni shekara arba'in da bakwai na yi ina kallon hasumiya, ga inda ta kai ni.”

Ekrem efendi ya shafa gemu. Ya juya wajen Azman ya yi masa magana da Turanci, yana nuna ƙofar masallaci. Baƙon ya ɗan ja da baya, kunnuwansa suka yi ja, ya amsa da gajerun kalmomi yana kallon ƙasa.

“Me suke cewa?” in ji Fikreta.

“Efendi ya ce ya shiga ya auna masallacin,” in ji Senada. “Shi kuma ya ce wai ya riga ya auna. Tun asubar Talata. Kunya ce ta hana shi faɗa.”

“Bakwai ne, ko?” in ji liman, yana ɗaga yatsu. Azman ya gyaɗa kai. “Digiri bakwai hagu. Duk baƙon da ya shigo da waya sai ya ja ni gefe ya raɗa mini, kamar ya tsinci gawa. Mutanen da suka gina shi shekara ɗari huɗu da suka wuce da rana da zare suka auna, kuma wallahi sun yi ƙoƙari. Tsohuwar hasumiyar daga tagarki a kan layinsa take. Ke kin karkata dama, mu mun karkata hagu, Makka na tsakiyarmu.” Ya nuna bayan wardin, inda fararen duwatsun kaburbura ke tsaye, wasu da rawani, wasu sun jingina da juna don tsufa. “Idan sai an rama, to sai mu tashe su duka su yi sahu a bayanki. Har da Behiya-hanuma.”

Fikreta ta juya ta kalli dutse na uku daga bango. Ta san shi sarai, ita ke cire masa ciyawa duk Juma'a.

“Ita ma?”

“Ita ma.”

“Bakwai?”

“Bakwai cif.”

Ta daɗe tana kallon dutsen. Matar da ke shafa yatsa a saman kabad ta nuna mata ƙura, matar da ke jin ƙarancin gishiri tun daga matakala, ashe rayuwarta duka digiri bakwai take gefe. Kuma ko a mafarki Fikreta ba ta taɓa shakkar an karɓi sallar Behiya-hanuma ba. Wa zai mayar mata? Abin da ya tokare mata ƙirji tun Talata ya fara sauka, ta ji numfashinta ya kai ƙasa.

“Nawa dai ya ninka nata,” ta ce, amma muryar ba nauyi.

“Ita hasumiyarta ba ta yi ƙaura ba,” in ji Senada.

“Goma sha taran da na rama fa, efendi?”

“Ba a asara a wannan wajen, Tetka. Ki dai dafa waken.”

Ta miƙa ƙafa, Senada ta sa mata takalman. Ta dafa kafaɗar liman ta tashi, ta ce masa wardin nan ruwa ya yi musu yawa, zai kashe su.

A gida ta ɗora gahawa da kanta. Ta farko da ta zuba, mai kumfa a sama, gaban Azman ta ajiye ta, da lokum uku. Ta jira ya sha rabi, sannan ta ce wa Senada ta gaya masa, idan bai gaji da gyara mutane ba, akwai ɗakin ƙasa.

Ya miƙe kamar an ba shi kyauta. Ya sa aka kashe rediyo, ya matsar da fitilar ƙarfe don kada ta ruɗa kamfas, ya durƙusa a kan kafet yana ja da baya, matarsa na riƙe masa bakin zare tana gaya wa Senada cewa haka ya yi musu a otal uku a Istanbul. Da ya gama ya bi zaren da ido har bango, sai ya tsaya, ya yi tari. Zaren ya ƙare daidai ƙarƙashin hoton Nusret, wanda ke rataye a nan da hularsa da fensir a bayan kunne, yana murmushin wanda bai san komai ba.

Ba a salla ana fuskantar hoto, wannan ko ba tafinta kowa a ɗakin ya sani.

“Bari in cire, Mama.”

“Bar shi. Tsakanina da shi ne.”

Ta yi ɗage ta sauke shi, ta goge gilashin da gefen ɗankwali, ta zagaya ɗakin da shi a ƙirji tana neman ƙusa. Ta samu ɗaya a bangon baya, kusa da ƙofa, inda kalanda take. Ta cire kalandar ta rataye shi, ta daidaita shi da yatsa.

“Ka matsar mini da hasumiya ba ka gaya mini ba,” ta ce masa. “Ni ga shi ina gaya maka.”

Ladan ya fara kiran azahar a tsallaken lungu. Ta kore su duka waje, ta shimfiɗa sallayarta a kan zaren, ta yi raka'o'in ranar kawai.